Filin Manoma: Alamun Da Ke Jikin Batir

Manoma, yanzu kayan lantarki sun shigo gona. Ga injin feshi mai caji, ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ga tocila. Da yawansu da batir su ke aiki, batir kuwa akwai guba a cikinsa. Shi ya sa masu ƙera shi su ke buga alamu a jikinsa, domin ko wanda bai iya Turanci ba ya gane.

Alama ta farko ita ce hoton kwandon shara an ja masa layi biyu a gicciye. Ma'anarta, kada a jefa wannan abu a juji. A ƙarƙashinta a kan ga haruffa biyu. Pb dalma ke nan, Hg zaiba, Cd kuwa wani ƙarfe ne mai lalata ƙoda. Ƙasashen Turai suka kafa dokar sa wannan alama a jikin batir cikin 2006. A Nijeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa cikin 2007, ita ke kula da wannan sha'ani, ta kuwa fitar da dokar kayan lantarki cikin 2011.

Ta biyu, hoton ruwa yana ɗiga a hannu. Watau ruwan batir yana cin fata, yana makantar da ido. In ya taɓa ka, yi ta kwarara ruwa a wurin har minti 15, sa'an nan ka nufi asibiti.

Ta uku, hoton wuta an soke shi. Batir yana fitar da wata iska mai kama wuta sa'ad da a ke cajinsa, saboda haka kada a sha taba kusa da shi.

To, dalma ita ce babbar abokiyar gabar manomi. Shanu suna son lasar fasasshen batir, musamman maruƙa. Wadda ta lasa sai ka ga tana cizon haƙora, tana tangaɗi, ta makance, ta kafa kai jikin bango, wata ma kwana ɗaya ta mutu. Dalma ba ta ruɓewa. In ta shiga juji, taki ya kai ta gona, nan za ta zauna shekara da shekaru. Ku tuna cikin 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da a ke niƙawa a gidaje.

Saboda haka kada ku fasa tsohon batir, kada ku ƙona shi, kada ku narkar da dalmarsa a tsakar gida. A ajiye shi a tsaye, nesa da rijiya da turke da yara, har a mayar wa dillalin da ya sayar da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.