Darasin Lambo da Masu Taɓin Hankali a Kudancin Kaduna

A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo Abeokuta bayan ya yi karatun likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Da ya kama aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro bai kulle majinyata ba. Ya roƙi mutanen ƙauyukan kewaye su ba su masauki, kowane marar lafiya tare da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci da kwana kusa da shi. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a dawo cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, domin ya lura cewa wanda ya yi imani sammu aka yi masa ba ya samun natsuwa da allura kaɗai. Mutumin nan ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 2004.

A Kafanchan da kewaye yau ana haɗa hanyoyin nan, amma dole ce ta sa, babu mai tsarawa. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, kuma babban asibitinsu a jihar nan yana Barnawa, cikin Kaduna. Uwar da ɗanta ya daina barci, yana surutai shi kaɗai, sai ta lissafa kuɗin motar mutum uku, biyu na riƙe da shi, ga kuɗin kwana, ga na magani kowane wata. Buhun citta nawa za ta sayar? Gidan addu'a kuwa ga shi a bayan layi, mai ruƙiyya ma maƙwabci ne, kuma dukansu za su saurare ta da harshen da take ji. Masu buƙata kuma sai ƙaruwa suke: rikicin 2011 da hare-haren da suka biyo baya sun bar mutane da firgici, Tramadol ta ƙara da nata.

Kada a raina amfanin zuwa wurin masu addu'a da ruƙiyya. Marar lafiya na tare da danginsa, ba a mai da shi bare ba. Sai dai ɓarnar tana da nauyi. Mai farfaɗiya kan shekara yana shan hayaƙi alhali ƙwaya mai araha za ta tsayar masa da faɗuwa. Wani kuma a sa masa mari, a hana shi abinci da sunan azumi. Ba mu manta da ɗaruruwan da aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

A nan ne Aro ta sha bamban: likita na tsakiyar al'amarin, yana ganin majinyaci kullum. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma takarda ba ta kwance mari. Kafanchan na da kwalejin koyon aikin jinya, tana kuma da babban asibiti. A horar da ma'aikatan jinya kan wannan ciwo, a zauna da fastoci da malamai a yi yarjejeniya: ku yi addu'a, ku turo mana marar lafiya, kuma kada a ƙara ɗaure kowa.