Littafin Ba Jin da ya tona asirin auren dole a ƙasar Sin

A 1931 wata jarida a birnin Shanghai ta fara buga wani labari kashi-kashi, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin littattafan da matasan ƙasar Sin suka fi karantawa. Sunansa Jia, wato Iyali. Marubucinsa Ba Jin, haifaffen Chengdu ne a 1904, kuma a irin gidan da ya tashi ya kafa labarin: katafaren gidan gandu na attajirai, inda maganar kaka ita ce doka.

Labarin ya faru ne a wajajen 1920, kuma ya ta'allaƙa ne kan 'yan'uwa maza uku na gidan Gao.

Babbansu Juexin yana son 'yar'uwarsa Mei, yana kuma burin karatun kimiyyar sinadarai a Jamus. Bai samu ko ɗaya ba. Mahaifinsa ya zaɓa masa mata ta hanyar jefa ƙuri'a tsakanin sunayen 'yan mata biyu. Juexin bai ce uffan ba, domin a tarbiyyar Confucius ɗan fari shi ne ginshiƙin zuri'a, kuma ja da iyaye babban abin kunya ne.

Abin da ya sa labarin ke taɓa zuciya shi ne matar da aka haɗa shi da ita, Ruijue, mutuniyar kirki ce, har ƙauna ta shiga tsakaninsu. Amma biyayyar da ta haɗa su ita ce ta raba su. Bayan rasuwar kakan, sai wasu manyan gidan suka kawo camfin cewa haihuwa a gidan da ke da akwatin gawa za ta cutar da mamacin. Aka fitar da Ruijue bayan gari da tsohon ciki, can ta rasu wurin haihuwa, mijinta na bakin ƙofa an hana shi shiga.

Na biyun, Juemin, gudu ya yi ya ɓoye da aka yi masa baiko da yarinyar da bai so, har kakan ya sassauto dab da mutuwarsa. Autansu Juehui kuwa kuyangar gidan yake so, Mingfeng, wadda ta faɗa tafki ta mutu da aka ce za a ba da ita ƙwarƙwara ga wani tsoho. A ƙarshe Juehui ya bar gidan ya nufi Shanghai, kuma Juexin ɗin nan mai biyayya ya taimaka masa ya tsere.

Ba Jin ya siffanta Juexin ne da yayansa na gaske, wanda ya kashe kansa a daidai lokacin da aka fara buga labarin.

A 1950 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar aure da ta haramta auren dole da ajiye ƙwarƙwara, ta kuma ƙayyade shekarun aure: 20 ga namiji, 18 ga mace. Ba Jin ya rasu a 2005 yana da shekara 100, har yanzu kuma masu karatu na muhawara kan Juexin: shin wanda aka zalunta ne, ko shirunsa ne ya ba zaluncin hanya?