Jakin Bindigogi

A karkarar Amurka ba abin mamaki ba ne uba ya ba ɗansa kyautar bindiga lokacin Kirsimeti, ko mace ta saya wa mijinta. Ba don farauta ba, don nishaɗi. Gwangwanaye ake jerawa a gaban tudun ƙasa, ko a manna takarda mai da'ira, a yi ta gwada saiti har rana ta yi sanyi. In ka tambayi masanan harkar wacce za a saya, yawancinsu .22 za su ce maka.

Ita .22 ɗin nan jakin bindigogi ce. Ai mai hankali ba ya ɗora ɗan koyo a kan ingarma ranar farko. Jaki ake ba shi, ya saba da zama, ya iya juya dabba. Babbar bindigar farauta in ta tashi sai ta doki kafaɗa kamar shurin doki, ga ƙara mai razanarwa. Ɗan koyo ya sha wannan sau biyu, shi ke nan, zai riƙa runtse ido tun bai ja kunama ba, kuma ɗabi'ar nan wuyar fita gare ta. Ita kuwa .22, harsashinta bai kai kaurin fensir ba, dalmarsa ba ta cika giram uku ba, ɗan motsi kawai za ka ji a kafaɗa. Hankalin yaro sai ya koma kan numfashinsa da idonsa.

Ga sauƙin ci. Doki sai dawa da harawa da kanwa, jaki kuwa kara da 'yar dusa sun ishe shi. Kuɗin da zai saya maka harsashi ashirin na babbar bindiga zai ba ka ɗaruruwan na .22, kuma saiti ba ya zama a hannu sai an yi ta maimaitawa. Tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da wannan harsashi, har yau da shi ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik.

Jakunan ma iri-iri ne. Akwai mai haƙuri, wadda sai ka ja ƙarfenta da hannu ka sa harsashi ɗaya, ka harba, ka sake ja. Akwai mai sauri irin Ruger 10/22 da ta fito a 1964, tana ɗaukar goma, tana ɗura kanta. Ni dai ga yaro mai haƙurin nan nake so, domin tsakanin harbi da harbi dole ya tsaya ya yi tunani. A kuma duba tsayi. Bindigar da gindinta ya yi wa yaro tsawo kamar jakin da ƙafar yaron ba ta kama cikinsa ne, zaman ba zai taɓa daidaita ba.

Sayen ma galibi ta hannun dillali ne, kamar a kara inda ake son wanda zai tsaya wa ciniki. Shago mai lasisi zai sa ka cike takarda, a binciki tarihinka, kuma ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar tarayyar Amurka ta yarda da kyauta ta gaskiya, amma saya wa wanda aka haramta wa riƙe makami babban laifi ne, wasu jihohin kuma suna da ƙarin sharuɗɗa. Shi ya sa wasu ke ba da katin sayayya, wanda aka yi wa kyautar ya je da kansa ya gwada a kafaɗarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne raini. Jaki ma yana shuri, shurinsa yana karya ƙashi. Ɗan harsashin nan yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa. Don haka wanda ya ba da jaki ya haɗa da turke da dabaibayi: akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi a ajiye daban, abin toshe kunne, gilashin kare ido. In yaro ne, makullin ya zauna a aljihun babba, kuma babban nan ya tsaya a bayan kafaɗarsa duk ranar da za a fita harbi.