Lambobin mazan jiya a kasuwar gwanjo: abin da masu tara kayan soja ke nema a Turai

Duk wanda ya sauka a tashar metro ta Porte de Clignancourt da ke arewacin birnin Paris a ranar Asabar, Lahadi ko Litinin, to ayarin jama'a ne zai ja shi zuwa kasuwar Saint-Ouen. Kasuwa ce ta tsoffin kaya da ta haura shekara ɗari tana ci. Ɗan Yamai zai iya kwatanta ta da Katako, sai dai a nan, tsakanin tsoffin agoguna da kujeru da faya-fayen garmaho, akwai rumfunan da ba a sayar da komai cikinsu sai kayan soja: hulunan ƙarfe, kakin da ya koɗe, gorar ruwa, maɓallai, hotuna, da lambobin yabo jere a akwatin gilashi.

Masu zuwa waɗannan rumfuna mutane ne da suka ɗauki tara kayan yaƙi na da a matsayin sha'awa. Suna ware hutunsu da kuɗinsu domin zagaya gidajen tarihin soja da kasuwannin gwanjo, daga Faransa zuwa Beljiyam da Ingila. Ga ɗan Nijar da ke zaune a can, lamarin ya wuce sha'awa, domin wasu daga cikin kayan da ake ciniki a kansu sun taɓa rataya a ƙirjin kakannin mutanen Damagaram, Katsinar Maradi, Adar ko Zabarma.

Gidan tarihi kafin kasuwa

Gogaggun masu tara kaya ba sa fara wa da saye. Suna fara wa da kallo, saboda a gidan tarihi ne ido ke koyon bambance na gaske da jabu.

Zangon farko shi ne Invalides, ginin da Sarki Louis na 14 ya ba da umurnin yi a 1670 domin sojojin da suka tsufa ko suka nakasa. A ciki ne gidan tarihin sojan Faransa yake tun 1905, kusa da kabarin Napoleon. A nan ne aka daɗe ana ajiye takobin da ake dangantawa da Alhaji Umar Tal, wanda sojojin mulkin mallaka suka kwasa a ƙarshen ƙarni na 19. An miƙa shi ga Senegal a watan Nuwamban 2019, sannan wata doka ta Disamban 2020 ta tabbatar da mayar da shi.

A gabashin Paris kuwa, garin Meaux na da gidan tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka buɗe ranar 11 ga Nuwamban 2011. Tushensa kayan mutum guda ne, Jean-Pierre Verney, wanda ya share shekaru gomomi yana tara abubuwa kimanin dubu 50 tun lokacin da mutane ke ganinsu a matsayin tarkace. Shi ya sa masu wannan sha'awa ke yawan kafa hujja da shi idan an ce musu ɓarnar kuɗi suke yi.

Amma wurin da ya fi shafar ƴan Afirka ta Yamma shi ne Fréjus, a gaɓar tekun kudancin Faransa. A lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918, can ake kai sojojin Afirka su yi zaman hunturu, saboda sanyin fagen daga na arewa yana kashe su kamar harsashi. Garin na da gidan tarihin rundunar da a da ake kira ta mulkin mallaka, da kuma Missiri, wani jan gini da aka kammala a 1930 bisa fasalin babban masallacin Djenne na Mali.

Sunan Senegal, jinin ƙasashe da yawa

Gwamna Louis Faidherbe ne ya kafa rundunar tirayer a 1857. Sunan Senegal ya bi ta har ƙarshe, alhali ana ɗibar mutanenta daga duk yankin da Faransa ta mallaka, har da Nijar, galibi ta hanyar ɗora wa sarakuna da masu gari adadin samarin da za su kawo. Kimanin mutum dubu 200 ne aka ɗiba daga yankin a yaƙin farko, kuma kusan dubu 30 ba su dawo ba.

Kayan da suka bari su ne masu tara kaya ke nema: jar dara, adda mai kube da ake ba su, da hular ƙarfe samfurin Adrian ta 1915 mai ɗauke da tambarin anka, wato ƙugiyar jirgin ruwa, alamar sojojin mulkin mallaka. Sai lambobi irin su Croix de guerre da aka ƙirƙiro a 1915, da lambar mulkin mallaka ta 1893, wadda ake maƙala wa ƙaramin ƙarfe mai sunan yankin da soja ya yi aiki, kamar Sahara ko Chadi.

Wannan lamba ta ƙarshe tana tuna wani abu mai ɗaci. Ba Jamusawa kaɗai tirayer suka yaƙa ba. Da su aka ci ƙasashen Afirka da yaƙi, kuma suna cikin dakarun ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙona garuruwa a ƙasar Hausa a 1899, ya yi ɓarna a Birnin Konni, ya kuma gwabza da Sarauniya a Lugu. Mai riƙe da irin wannan lamba yana riƙe ne da tarihi mai fuska biyu.

Lambar da ba ta da suna

Babbar matsalar mai neman sawun kakansa ita ce, lambobin Faransa galibi ba a rubuta sunan mai su a jiki. An raba Croix de guerre da yawan gaske, shi ya sa sau da yawa farashinta a kasuwa ba ya kai Yuro 50, wato ƙasa da jika 33 na sefa. Da zarar ta rabu da takardar shaidarta, babu mai iya cewa ta wane ce.

A Ingila abin ya bambanta. Lambobin yaƙin farko na Birtaniya suna ɗauke da suna, lambar soja da rundunar mai su a gefensu. Don haka a kasuwar Portobello ta Landan ko a wurin gwanjo, ana iya cin karo da lambar wani sojan rundunar Najeriya da ya yi yaƙi a Kamaru ko Gabashin Afirka, da sunansa na Hausa a rubuce. Taurarin yaƙi na biyu kuwa, irin waɗanda aka ba mazan da suka je Bama, Birtaniya ta raba su ba suna.

Saboda haka ne masana harkar suka fi daraja takarda a kan ƙarfe: littafin soja, takardar sallama, hoto mai rubutu a baya, ko ƴar farantin shaida da soja ke ɗaurawa a wuyan hannu, mai suna da lambar rajista. Da wannan lamba ana iya bincike a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa, inda aka sa katunan waɗanda suka mutu a yaƙi, ko a rubuta wa cibiyar ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau. Sai dai a yi haƙuri da rubutun sunaye, domin magatakardan Nasara sun rubuta su yadda kunnensu ya ji. Mahamadu ɗaya na iya fitowa da rubutu iri uku.

Jabu, doka da haɗari

Inda kuɗi yake, ƴan damfara na nan. Ana ɗaukar hular Adrian ta talakan soja a liƙa mata anka domin ta yi tsada, ana kuma tsufar da sabon ƙyalle da gangan. Manyan kasuwanni irin su Braderie ta Lille, da ke ci a ƙarshen makon farko na Satumba, ko dandalin Jeu de Balle na Brussels, cike suke da na gaske da na bogi a tabarma ɗaya.

Akwai kuma doka. A Faransa laifi ne mutum ya rataya lambar girma ta hukuma da ba a ba shi ba, haka ma baje alamun ƴan Nazi a bainar jama'a, in ban da fim, wasan kwaikwayo ko nunin tarihi. Tono a tsoffin filayen daga da na'urar gano ƙarfe ba tare da izini ba shi ma haramun ne.

Mafi muni shi ne harsasai da gurneti. Har yau manoman yankin Verdun da Somme na tono bama-baman da ba su fashe ba, kuma wasu na tashi bayan shekara ɗari. An sha kwashe fasinjoji daga tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord a Paris saboda wani ya sa tsohon harsashin igwa a jakarsa a matsayin tsaraba. Ko da an cire masa albarushi, ba a shiga jirgin sama da gurneti. Wanda kuma ya sauka da irin wannan kaya a filin jirgin Diori Hamani a halin tsaron da ake ciki, zai sha dogon bayani gaban ƴan duwan da jandarmomi.

Abin da ke cikin adakar gida

Mazan da suka sa waɗannan lambobi ba su ga sakayya daidai da wahalarsu ba. A Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun kashe tirayer da suka kama a watan Yunin 1940, kuma 188 na kwance a maƙabartar da aka gina musu da jar katanga. A Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa ne da kansu suka buɗe wuta kan waɗanda suka nemi haƙƙinsu ranar 1 ga Disamban 1944. Wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴanci, ba a kuma daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Yau kayansu na da kasuwa a Turai, yayin da a gidaje da dama na Zinder, Tahoua ko Dosso, littafin sojan kaka na cikin tsohuwar adaka, gara da damina na cinsa. Jikokin da ke da wayar zamani a hannu na iya ɗaukar hoton kowane shafi, su rubuta lambar rajista, su tambayi tsoffin gida sunan garin da aka ɗauke shi da shekarar da ya dawo. Idan kuma dillali ya zo taya lambar, ya kamata a tuna cewa ranar da ta bar gidan ba tare da takardarta ba, ta zama ɗaya daga cikin dubban da ke jere a akwatin gilashi a Saint-Ouen, babu mai sanin ƙirjin da ta fito.