Ƙofar Amurka ta rufe wa 'yan Nijar: abin da haramcin biza ya taɓa a gida da waje

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, masu shagunan intanet a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san kasuwa ta buɗe. Samari da 'yan mata kan yi layi a ɗauke su hoto a jikin farin bango, a cika masu takardar tombolar bizar Amurka, kowa ya adana lambarsa ya jira watan Mayu ya ga ko da rabo. A 2025 Oktoba ya zo ya wuce ba a buɗe rajistar ba. Kafin shekarar ta ƙare kuma, gwamnatin Donald Trump ta dakatar da shirin, ta kuma saka Nijar cikin ƙasashen da aka hana wa 'ya'yansu shiga Amurka kwata-kwata.

Trump ya sa hannu a kan umarnin ranar 16 ga Disamban 2025, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Nijar da Mali da Burkina Faso da Sudan ta Kudu da Siriya na cikin sababbin shiga rukunin haramci na gaba ɗaya, wanda ya haɗa bizar ziyara da ta kasuwanci da ta karatu da ta zama na dindindin. Maƙwabta irin su Najeriya da Benin, da kuma Senegal da Kwaddibuwa, sun faɗa rukuni na biyu, inda aka toshe bizar zama da ta ziyara da ta ɗalibai, aka bar wasu nau'o'in bizar aiki. Jimilla ƙasashe 39 ne ke cikin jerin yanzu, kuma mafi yawansu na Afirka ne.

Yadda aka zo nan

Wanda ke bin lamarin ya san ba dare ɗaya aka yi shi ba. A watan Maris na 2024 hukumomin Yamai suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, kuma zuwa Satumban shekarar sojojinta sun gama kwashe kayansu daga sansanonin Yamai da Agadas. Dangantakar ƙasashen biyu ta yi sanyi tun daga lokacin.

Ranar 4 ga Yunin 2025 Trump ya fitar da jerin farko: ƙasashe 12 da aka hana baki ɗaya, ciki har da Chadi da Sudan da Libiya, da wasu 7 da aka taƙaita, ciki har da Togo. Nijar ba ta ciki a wancan karo. Sai dai a ƙarshen watan Yuli ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai ya dakatar da ba da biza ga jama'a, ya bar ta jami'an gwamnati da ta diflomasiyya kawai. Wasu masu hali suka fara tunanin tsallakawa wata ƙasa su nema a can. A watan Satumba ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta rage wannan damar ma, da ta ce kowa ya nemi biza a ƙasarsa ko a ƙasar da yake zaune bisa ƙa'ida, in ban da inda ita ta ware wani ofishi.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin ya faru ranar 26 ga Nuwamba a birnin Washington, inda aka harbi dakarun tsaron ƙasa biyu kusa da fadar White House, ɗaya daga cikinsu ta rasu. Wanda ake zargi ɗan Afghanistan ne. Kwana 20 bayan haka sabon jerin ya fito.

Dalilai biyu Amurka ta kawo a kan Nijar. Na farko tsaro: ta ce 'yan ta'adda na shirya garkuwa da mutane a ƙasar, kuma a watan Oktoba an sace wani Ba'amurke matuƙin jirgi a cikin Yamai. Na biyu shi ne yawan masu wuce wa'adin bizarsu. A lissafin ma'aikatar tsaron cikin gidan Amurka, sama da 13 cikin 100 na 'yan Nijar masu bizar ziyara ba su fita kan lokaci ba, a ɓangaren ɗalibai kuma sama da 16 cikin 100. Masu sukar matakin na cewa ƙasar da 'yan ƙalilan ne ke samun biza daga cikinta, ko mutane kaɗan suka maƙale sai kason ya yi tsalle, kuma laifin wasu ne ya rufta da kowa.

Wa abin ya shafa, wa ya tsira

A nan ne ruɗani ya fi yawa a rukunonin WhatsApp na 'yan ci-rani. Umarnin ya shafi wanda yake wajen Amurka ranar 1 ga Janairu kuma ba shi da biza mai rai a wannan ranar. Wanda aka ba biza kafin nan, umarnin bai soke ta ba, ko da yake jami'in filin jirgi ne ke da magana ta ƙarshe kan shiga. Mai katin zama na dindindin, wato Girin Kad, bai shiga ciki ba. Haka ɗan Nijar da ke da fasfo na biyu na ƙasar da ba ta cikin jerin, muddin da wannan fasfon zai yi tafiya. An kuma ware jami'an diflomasiyya da 'yan wasan da za su manyan gasanni kamar ta cin kofin duniya ta 2026. 'Yan kallo ba su samu wannan sassaucin ba, abin da ke damun magoya bayan Senegal da Kwaddibuwa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne iyali. Umarnin watan Yuni ya bar ƙofa ga mata ko miji da ƙananan 'ya'ya da iyayen wanda ya zama ɗan ƙasar Amurka. Na Disamba ya cire wannan. Magidancin da ya yi shekaru yana tuƙa tasi a New York ko yana aikin kamfani a Greensboro, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya zo gida ya yi aure, ya biya lauya ya shigar da takardun amarya, yanzu ba ranar da zai iya faɗa mata. Tana gidan surukai tana jira, yaron da aka haifa a bayansa yana girma yana ganin ubansa ta waya. Akwai damar neman a keɓe mutum idan gwamnatin Amurka ta ga shigarsa na da amfani ga ƙasarta, amma ɗaya bayan ɗaya ake duba wannan, kuma ba haƙƙi ba ne da za a iya tilasta wa jami'i.

Ɗalibai ma suna cikin tsaka mai wuya. Wanda ke can yana karatu da takardun makaranta masu kyau zai iya ci gaba, ko da hatimin bizar da ke fasfonsa ya ƙare. Amma ranar da ya fito, ko hutu ne ko rasuwa aka yi masa a gida, sai ya sake neman sabuwar biza kafin ya koma, ita kuwa ba a bayarwa. Zaɓin da ya rage masa shi ne ya yi ta'aziyya ta waya ko ya bar digirinsa.

Waɗanda ke can

Zama a cikin Amurkar ma bai zama kariya daga sauye-sauyen ba. A farkon Disamba hukumar USCIS mai kula da takardun baƙi ta tsayar da yanke hukunci kan buƙatun 'yan ƙasashen jerin farko, daga neman Girin Kad har zuwa rantsuwar zama ɗan ƙasa, kuma da sabuwar shekara ta faɗaɗa matakin zuwa ƙasashen da aka ƙara. Takardar izinin aiki ta masu neman mafaka, wadda a da ake ba ta ta shekara 5, an mayar da ita ta wata 18. Tun ƙarshen Oktoba kuma an daina ƙara wa'adinta kai tsaye yayin da mutum ke jiran sabuwa, don haka jinkirin ofis kan iya raba mutum da aikinsa.

A tituna, hukumar ICE mai kamen baƙi ta samu kuɗin da ba ta taɓa samu ba. Dokar kasafin da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ware dalar Amurka biliyan 45 don wuraren tsare mutane kaɗai. Ranar 21 ga Oktoba jami'an tarayya suka kai samame titin Canal a New York, inda 'yan Afirka ta Yamma ke kasa jakunkuna da agogo da tabarau, suka kama mutum 9 'yan Senegal da Mali da Gini da Muritaniya. Hotunan samamen sun zagaya wayoyin 'yan yankin, kuma duk mai sana'ar bakin titi ya ɗauki darasi.

Ga wanda ya wuce wa'adi, dokar 1996 na nan daram: wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, za a hana shi dawowa tsawon shekara 3, idan zaman ya kai shekara ɗaya, haramcin na shekara 10 ne. Gwamnati na tallata manhajar CBP Home, wadda ta ce za ta biya wa mai son fita da kansa kuɗin jirgi har da ɗan guziri, da farko dalar Amurka 1,000. Ƙungiyoyin lauyoyin baƙi na jan kunne cewa kada mutum ya sa hannu a kowace takarda kafin ya ga lauya mai lasisi, domin fita da kai ba ta share haramcin dawowa. Suna kuma tunatar da cewa kowa, mai takarda da marar takarda, yana da damar yin shiru, kuma ba dole ba ne ya buɗe ƙofar gidansa sai an nuna masa sammacin da alƙali ya sa wa hannu. Masu Girin Kad su ma ana ba su shawarar kada su daɗe a gida: zaman da ya wuce wata 6 kan jawo tambayoyi a filin jirgi, wanda ya kai shekara kuwa ana iya ɗaukarsa a matsayin an yar da katin.

Akwai kuma abin da ke isa kai tsaye zuwa tukunyar gida. Daga 1 ga Janairu an ɗora harajin 1 cikin 100 kan kuɗin da aka aika waje idan da tsabar kuɗi aka biya a kanti. Wanda ya aiko da dalar Amurka 500 don cefanen azumi zai ƙara 5. Idan daga asusun banki ko da katin bankin Amurka aka tura, babu harajin. Waɗanda ba su da takardu su ne suka fi dogara da tsabar kuɗi, don haka su ne harajin ya fi samu.

Ramuwar gayya

Yamai ba ta yi shiru ba. A ƙarshen Disamba kamfanin dillancin labaran ƙasa, ANP, ya ruwaito cewa Nijar ta daina ba Amurkawa biza kuma ta hana su shiga ƙasar har sai abin da hali ya yi. Mali da Burkina Faso, abokanta a ƙawancen AES, suka bi sahu kafin shekara ta fita. Chadi ce ta fara wannan tun a Yuni, lokacin da shugaba Mahamat Idriss Déby ya dakatar da bizar Amurkawa yana cewa ƙasarsa ba ta da jiragen da za ta bayar kyauta ko biliyoyin daloli, amma tana da mutuncinta. Ita kanta Nijar, tun watan Janairun 2025 ta tsaurara dokar shiga da zaman baƙi a ƙasarta, da tanadin tara da ɗauri.

Martanin ya yi wa mutane da dama daɗi a gida, musamman masu ganin lokaci ya yi da za a riƙa mu'amala da manyan ƙasashe kafaɗa da kafaɗa. Sai dai yana da nasa ɓangaren da ke komawa kan 'yan ƙasa. Dubban yaran da 'yan Nijar suka haifa a Amurka fasfon Amurka suke riƙe da shi, kuma da yawansu ba a taɓa yi masu takardun Nijar ba. Iyayen da suka saba turo su gida hutu, ko don su yi karatun Alƙur'ani su koyi harshe wajen kakanni, yanzu sai sun fara neman masu takardar shaidar zama 'yan ƙasa da fasfon Nijar kafin a yi maganar tikiti.

Kasuwar 'yan damfara

Duk lokacin da hanya ta toshe, masu cewa sun san wata ɓarauniya kan yawaita. Wani zai ce yana da mutum a ofishin jakadanci, wani ya ce zai samo fasfon wata ƙasa, wani ya turo saƙo cewa an ci tombola a biya kuɗin takardu. Amurka ba ta sanar da wanda ya ci tombola ta saƙon waya ko imel. Mutum ne ke shiga shafin gwamnati da lambarsa ya duba. Kuɗin neman bizar ziyara, dalar Amurka 185, sama da jika 100 ke nan na sefa, ba a mayar da shi ko an hana mutum. Wanda kuma aka kama da takardar jabu ko ƙarya a gaban jami'in biza, haramcinsa na har abada ne, ko da wata rana an cire Nijar daga jerin.

Cire ƙasa daga jerin abu ne da ya taɓa faruwa. A 2017 Trump ya saka Chadi, ya cire ta a Afrilun 2018 bayan ta gyara abin da aka nema kan fasfo da musayar bayanai. Umarnin yanzu ma ya tanadi a riƙa sake duba jerin duk kwana 180. Ko hakan zai amfani Nijar ya danganta da ko Yamai da Washington za su zauna su yi magana.

Waɗanda ba su da lokacin jira su ne waɗanda sunayensu suka fito a tombola a watan Mayun 2025. Wasunsu sun riga sun kashe kuɗi wajen fasfo da fassarar takardu, wasu sun ɗaga aure ko sun sayar da babur. Dokar shirin ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: wanda bai karɓi bizarsa ba zuwa ranar 30 ga Satumban 2026, damarsa ta faɗi, ba a ɗage ta zuwa wata shekara.