ZAƁEN MAZAUNI GA MA'AIKACI: MISALI DAGA BIRANEN KANO DA KADUNA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata matsala wadda ba a cika kawo ta gaban masana ba, alhali kuwa ma'aikata da yawa sukan ci karo da ita. Matsalar kuwa ita ce, mutum ya sami gurbin aiki a manyan birane biyu masu kama da juna, matsayi ɗaya, albashi kusan ɗaya, sa'an nan a ce masa ya zaɓi guda. To, da wane ma'auni zai auna?

Da a ce zaɓin tsakanin birni ne da ƙauye, da zancen ya zo da sauƙi, domin bambancin a fili yake. Wahalar tana zuwa ne a inda kamannin suka yi yawa, har mutum ya ɗauka duk inda ya faɗa daidai ne. Sai bayan ya biya kuɗin hayar shekara, ya sa yara a makaranta, sa'an nan zai fara ganin abin da ya ɓoye masa. A lokacin kuwa komawa baya ta yi tsada.

An ɗauki Kano da Kaduna a matsayin misali saboda kamanninsu. Tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 230 ce ta hanyar Zariya. Kowanne babban birnin jiha ne, kowanne yana da filin jirgin sama da jami'a da manyan asibitoci, kuma da Hausa ake ciniki a kasuwanninsu. Za a fara da asalin biranen, a biyo da ma'aunai guda shida, daga ƙarshe a nuna yadda ya kamata a jera su.

2.0 ASALIN BIRANEN BIYU

2.1 Kano

Kano tsohon birni ne wanda ya tsiro a gindin Dutsen Dala. Tarihi ya nuna an fara gina ganuwarsa a zamanin Sarki Gijimasu, wajen farkon ƙarni na 12, kuma Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Watau ke nan Turawa da suka ci Kano a 1903 sun tarar da birni cikakke, da sarautarsa da malamansa da fatakensa. Isowar hanyar jirgin ƙasa a 1911 ƙara wa kasuwancin ƙarfi ta yi, musamman cinikin gyaɗa da fatu. Har yau ƙashin bayan Kano ciniki ne: Kantin Kwari ga yadi da atamfa, Dawanau ga hatsi, Singa ga kayan masarufi, ga kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa.

2.2 Kaduna

Kaduna kuwa gari ne da mulkin mallaka ya kafa a ƙasar Gbagyi, a bakin kogin da ya ba shi suna. A 1917 aka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru, ya kuma ci gaba da zama hedkwatar Jihar Arewa har zuwa 1967 da aka ƙirƙiro jihohi 12. Saboda haka abin da ya tara jama'a a Kaduna aikin gwamnati ne da aikin soja da aikin jirgin ƙasa, daga baya kuma masana'antu. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, Kwalejin Horon Hafsoshin Soja a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980. Durƙushewar manyan masaƙun tsakanin 2002 da 2007 ta raba dubban ma'aikata da abincinsu, kuma garin bai gama farfaɗowa daga wannan ba.

2.3 Abin da Tarihin ya Haifar

Abin lura a nan shi ne, Kano garin kasuwa ne wanda gwamnati ta zo ta tarar, Kaduna kuwa garin gwamnati ne wanda kasuwa ta biyo baya. A Kano ma'aikacin albashi ɗaya ne daga cikin jama'a, kuma sau da yawa ɗan kasuwar da ke maƙwabtaka da shi ya fi shi samu nesa ba kusa ba. A Kaduna kuwa rayuwar garin ta saba da tsarin ma'aikaci, kusan kowa kuma daga wani wuri iyayensa ko kakanninsa suka zo. Yawancin bambance-bambancen da za a ambata a ƙasa daga wannan tushe suka fito.

3.0 MA'AUNAN ZAƁE

3.1 Abin da ya Rage daga Albashi

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya albashinsa ɗaya ne, ko a Kano yake ko a Kaduna. Don haka adadin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba zai raba gardama ba. Abin dubawa shi ne abin da zai rage a hannu bayan an fitar da haya da sufuri da abinci da ruwa da kuɗin makaranta. A biranen biyu al'ada ita ce a biya hayar shekara gaba ɗaya, ban da la'adar dillali, saboda haka shekarar farko ita ce mafi nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kuɗin zirga-zirga ya zama babban kaso a cikin kasafin kowane ma'aikaci. Kano tana da fifikon kusanci da manyan kasuwannin sari, inda mai iyali zai iya sayen hatsi da buhu. Amma a unguwanni da yawa na biranen biyu ruwan famfo ba ya isa, sai an dogara da rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, kuma wannan kuɗi ne na kullum da mutane kan manta su sa a lissafi.

3.2 Unguwa

Ma'aikaci ba a cikin birni duka yake zaune ba, a unguwa ɗaya yake zaune, yana bin hanya ɗaya zuwa wurin aiki. Saboda haka kwatanta Kano da Kaduna a dunƙule bai isa ba, sai a kwatanta unguwa da unguwa. Birnin Kano da kewayensa ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Wanda ke aiki a Kabuga ya kama gida a Hotoro, ya ɗaura wa kansa ratsa gari safe da yamma. Tun 2013 da aka hana acaɓa, a-daidaita-sahu ne abin hawan mafi yawan jama'a, kuma tafiya mai nisa takan ci hawa biyu ko uku. Alal misali, wanda ke yin sa'a guda zuwa, sa'a guda dawowa, kwana biyar a mako, ya ɓatar da sa'a 40 a wata, watau kwatankwacin aikin mako guda cur a kan hanya.

A Kaduna akwai wani al'amari ƙari a kan nisa. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, mazaunan garin sun rarrabu sosai. Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, kamar Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista kuma sun fi yawa a kudu, kamar Sabon Tasha da Narayi da Television, ko da yake akwai unguwanni irin su Barnawa da ake zaune a cakuɗe. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ɓoye ta ga baƙo ba taimako ba ne, domin ita ke yanke masa inda zai nemi gida, komai nisansa da ofis.

3.3 Madogara ta Biyu

Kaɗan ne daga cikin ma'aikata albashi kaɗai ke riƙe gidajensu. Wajibi ne ke nan a tambaya: mai ɗakin ma'aikaci, ko maigidan ma'aikaciya, me zai yi a sabon garin? Idan sana'ar saye da sayarwa ce, ko ɗinki, ko sarrafa abinci, yawan jama'ar Kano riba ne. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Jihar Kaduna kuma miliyan 6.1. Sai dai gasar Kano mai zafi ce, kirarinta ma ya faɗa, ko da me ka zo an fi ka. Idan kuwa aikin ofis ake nema, Kaduna tana da tarin ma'aikatun tarayya da ta gada, ga kuma kusanci da Abuja.

3.4 Ci Gaban Aiki da Ƙarin Ilimi

Ga malamin makaranta musamman, ƙarin girma yana rataye ne da ƙarin karatu da rubuce-rubuce. A Kano akwai Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta kuma yi suna wajen nazarin Hausa da Larabci da addinin Musulunci. A Kaduna akwai Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80. Mai binciken tarihin Arewa kuwa ba shi da kamar Kaduna, saboda Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, a wane gari ne malamin da zai duba aikinsa da ɗakin karatun fanninsa suke?

3.5 Sharuɗɗan Aiki

Idan aikin na gwamnatin jiha ne, sai an ƙara lura. Jihohi sukan bambanta ɗan jiha da wanda ba ɗan jiha ba wajen ɗaukar aiki da kuɗin manyan makarantu, wani lokaci ma a ɗauki baƙo aikin kwantaragi maimakon na dindindin. Haka kuma tsarin fansho ba ɗaya ba ne. Dokar fansho ta tarayya ta 2004 ta ba kowane ma'aikaci asusun kansa wanda zai bi shi duk inda ya koma. Jihar Kaduna ta bi irin wannan tsari, Jihar Kano kuwa tana da asusun amintattu nata na daban. Matashi ɗan shekara 30 yakan ga zancen fansho da nisa, amma sa hannun da ya yi yau shi zai tarar ranar da ƙarfi ya ƙare.

3.6 Yanayi, Lafiya da Hanya

Kaduna ta fi Kano samun ruwan sama da tsawon damina, don haka ta fi ta ni'ima. Bazarar Kano kuwa zafinta yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, hunturunta kuma ya fi ƙura. Ga mai ciwon asma, ko mai tsohuwa a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wajen asibitoci kowanne da abin da ya fi: Kano tana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, Kaduna kuma tana da cibiyoyin ƙasa na ciwon ido da na kunne.

Sai kuma hanyar gida. Bahaushe ba ya yanke zumunci don ya koma wani gari, biki da suna da jana'iza za su riƙa kiransa. Ɗan Haɗeja ko Daura ya fi kusa da gida daga Kano, ɗan Minna ko Kafanchan kuwa daga Kaduna. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya sauƙaƙa tafiya, amma harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da shi har zuwa Disambar wannan shekara. Darasin shi ne, ba a auna hanya da kilomita kaɗai, sai an haɗa da amincinta.

4.0 YADDA ZA A JERA MA'AUNAN

Ma'aunan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya lissafa su ya ƙirga wane gari ya ci mafi yawa, zai iya yin kuskure, domin abu ɗaya mai nauyi yakan rinjayi ƙanana biyar. Shawarar da wannan takarda ke bayarwa ita ce a kasa su gida uku:

(a) Abubuwan da mutum ba shi da ikon sauyawa: yanayin gari, nisa da mahaifa, zaman lafiyar unguwa, da sharuɗɗan aiki.

(b) Abubuwan da za su sauyu amma da tsada: gida, makarantar yara, da sana'ar iyali.

(c) Abubuwan da lokaci ke gyarawa: rashin sabo, rashin abokai, da bambancin karin harshe ko abinci.

Da kashi na farko ake fara tankaɗe. Garin da ya faɗi a nan an gama da shi, komai kyansa. In duka biyu sun tsallake, sai a zo kashi na biyu a yi lissafi da alƙalami, da farashin unguwar da za a zauna. Kashi na uku kuwa bai kamata ya yanke hukunci ba, ko da yake shi ne ya fi damun zuciya a makonnin farko.

Bayan wannan, wajibi ne a je a gani da ido, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. A kwana a unguwar, a bi hanyar ofis da safiyar ranar aiki, a tambayi maƙwabta halin ruwa da wuta da ambaliyar damina, a kuma nemi ƙaramin ma'aikaci a wurin aikin a ji ko albashi na zuwa a kan kari. Daɗin daɗawa, a yi shawara da iyali tun kafin a karɓi takarda, domin su ne za su wuni a unguwar.

5.0 KAMMALAWA

A taƙaice, wannan takarda ta nuna cewa kamannin Kano da Kaduna na sama-sama ne, kuma bambancinsu ya samo asali daga yadda aka kafa su. Ba a ce wani ya fi wani ba. Wanda iyalinsa ke dogaro da ciniki, danginsa kuma suna arewa, Kano za ta fi karɓarsa. Wanda aikinsa ke haɗa shi da Abuja da ma'aikatun tarayya, ko lafiyarsa ba ta jure zafi da ƙura, Kaduna za ta fi masa. Hanyar awon kuma za ta yi aiki ga Sakkwato da Katsina, ko Maraɗi da Damagaram.

Daga ƙarshe, ana kira ga hukumomin kwalejojinmu da su riƙa ba sabon malami masauki na 'yan watanni kafin ya kama haya, su kuma bayyana masa sharuɗɗan aiki da na fansho a rubuce tun ranar farko. Malamin da hankalinsa ke kan gida da hanya ba zai iya ba ɗalibai haƙƙinsu ba, kuma asarar a kan ɗaliban take ƙarewa.