Kare a Gidan Ma'aikaci: Wa Zai Wuni da Shi?

Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Mararaba ko Kubwa, ofishinsa kuma yana tsakiyar Abuja, a takarda awa 8 yake aiki, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. In aka haɗa da sammakon gudun cunkoso da jiran mota wajen dawowa, ba safai yake raba kansa da awa 11 ko 12 a waje ba. Haka abin yake ga ma'aikacin banki a Kano da ma'aikaciyar jinya a Kaduna. In maigida da uwargida duk suna fita, yara kuma suna makaranta, gidan yakan wuni a kulle, kuma wannan kullewar ce ke sa mutum ya fara tunanin samo kare, ko don gadi ko don ɗebe kewa. Abin da ya kamata a lura da shi tun farko shi ne, dalilin da ya sa yake son karen shi ne kuma babban abin da zai cutar da karen. Mai niyyar ajiye kare yakan yi lissafin abinci da keji da kuɗin saye, ya ga aljihunsa zai ɗauka. Lissafin da ba ya yi shi ne na lokaci: a cikin waɗannan awoyi da ba ya nan, wa zai wuni da dabbar? Ra'ayina shi ne ma'aikaci na iya riƙe kare, amma sai ya amsa wannan tambaya da sunan wani mutum takamaimai kafin karen ya shigo gidan. In babu sunan da zai ambata, haƙura ya fi.

Kare ba dabbar zaman kaɗaici ba ce. Zamansa da ɗan'adam ya daɗe ƙwarai: a Oberkassel kusa da birnin Bon na Jamus an tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000, inda aka binne kare tare da mace da namiji. Tsawon wannan zamani mutane suna zaɓar karen da ke bin mutum, yana kallon fuskarsa, yana jiran umarninsa, su bar shi ya hayayyafa. Abin da ya sa yake da amfani ke nan, shi ya sa kuma rashin mutum ke damunsa fiye da yadda yake damun tunkiya ko kaza. A shekarar 2011 wasu masu bincike biyu a jami'ar aikin gona ta ƙasar Suwidin, Therese Rehn da Linda Keeling, suka sa na'urar ɗaukar hoto a gidaje, aka bar karnuka su kaɗai na rabin awa, da na awa 2, da na awa 4. Sun ga cewa bayan awa 2 ko 4 karnukan sun fi zumuɗi da kaɗa wutsiya da lasar baki wajen tarbar masu su, fiye da bayan rabin awa. Wato kare yana jin tsawon rashin mai shi. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA a Ingila tana ba da shawarar kada a saba barin kare shi kaɗai fiye da awa 4. Suwidin kuwa ta sa abin cikin ƙa'idojin hukuma: dole a duba kare aƙalla sau biyu a rana, ana so a fitar da na cikin ɗaki duk bayan awa 6 da rana, kuma an hana ajiye shi a keji sai don tafiya ko wani dalili na ɗan lokaci. Ko wanne adadi mutum ya ɗauka a cikin waɗannan, awa 12 ta ninka shi.

Matsalar ta fi tsanani ga ɗan kwikwiyo, alhali shi ne kowa ke so, don a ce ya taso a hannu ya san gida. A ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine a Amurka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru suna nazarin tasowar karnuka, suka fitar da sakamakon a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako na 3 da na 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon waye nasa, da abin tsoro da wanda ba na tsoro ba. Wani gwaji da aka buga a 1961 ya nuna 'yan kwikwiyon da ba su yi hulɗa da mutum ba har mako 14 sun zama kamar na dawa, suna gudun mutane, ba sa horuwa. To, ana sayar da kwikwiyo yawanci yana da mako 6 zuwa 8. Ke nan makonnin da suka rage masa na koyon zama da mutane su ne makonnin farko da zai yi a sabon gida, kuma su ne ma'aikaci zai bar shi a bayan ƙyaure daga sassafe har magariba. Ga shi yana buƙatar abinci sau 3 ko 4 a rana, ga shi ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2 ko 3, ga zirga-zirgar allurar riga-kafi wurin likitan dabbobi, wadda in an yi sakaci da ita cutar zawon jini ta fabo tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Hutun mako biyu da wasu ke ɗauka don su tarbe shi ba ya rufe wannan giɓi, domin ranar da hutun ya ƙare karen bai riga ya girma ba.

Birtaniya ta ga wannan darasi a fili. Da aka kulle ƙasar a watan Maris na 2020 saboda korona, mutane suka sami kansu a gida dare da rana, aka yi rububin sayen dabbobi har farashin kwikwiyo ya yi tashin gwauron zabo. Ƙungiyar masu sarrafa abincin dabbobi ta ƙasar ta ƙiyasta a 2021 cewa gidaje miliyan 3.2 ne suka samo dabba tun farkon annobar. Sai aka buɗe ofisoshi. Karnukan da ba su taɓa wuni su kaɗai ba aka fara juya musu makulli, likitoci da masu horar da karnuka suka shiga karɓar koke-koken haushi ba ƙaƙƙautawa, da tauna ƙofa, da fitsari a ɗaki. A 2022 ƙungiyar Dogs Trust ta ce ta karɓi buƙatu sama da 50,000 daga masu neman a karɓe musu karnukansu, adadin da ba ta taɓa gani ba. Gaskiya ne tsadar rayuwa na da babban hannu a ciki. Amma asalin kuskuren ɗaya ne: mutane sun auna iyawarsu da irin lokacin da suke da shi a wata shida na kulle, alhali kare yana rayuwa shekara 10 zuwa 13.

Mai karatu na iya cewa wannan duk shagwaɓar Turawa ce. Karnukan ƙauyukanmu wa ke fita yawo da su, wa ke duba agogo dominsu, kuma ga su lafiya lau? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar tana goyon bayan abin da nake faɗa ne. Karen maharbi ko na makiyayi ba ya wuni shi kaɗai ko da rana ɗaya. Yana bin mai shi gona, yana bin garke, yana kwance a gindin bishiya inda mata ke sussuka, yana da 'yan'uwansa karnuka, in rana ta yi zafi ya sauya inuwa da kansa. Buzaye ma da ke kiwon dogon karen nan na Azawak a Nijar da Mali, a cikin zango suke zaune da shi. Duk abin da dokar Suwidin ke ƙoƙarin tilastawa, zaman ƙauye ya ba kare shi kyauta ba tare da an rubuta ba. Abin da yake sabo a wurinmu shi ne gidan birni mai doguwar katanga da tsakar gida ta siminti da ƙofar ƙarfe, inda ba mai shiga ba mai fita sai dare. Karen da ke cikin irin wannan gida halinsa ya fi kusa da na karen Landan fiye da na karen rugar Fulani.

Akwai kuma masu cewa ai karen gadi ne, ba na wasa ba, kulle shi ma shi ne daidai, don ya yi zafi. Wannan fahimta ta yaɗu a garuruwanmu, kuma ita ce ta fi damuna. Karen da ya wuni a keji ko a sarƙa, bai san yaran gidan ba, bai san maƙwabci ba, bai taɓa ganin baƙo ya shigo lafiya ya fita lafiya ba, ba ya koyon bambance ɓarawo da ɗan aike. Tsoro yake koya, kuma kare mai tsoro cizo yake yi. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga a 1994, ya gano cewa karnukan da suka ciji mutane sun fi waɗanda ba su yi cizo ba kasancewa ɗaurarru kusan ninki uku. Jamus ta haramta ajiye kare a ɗaure tun daga farkon 2023. A ƙasarmu kuwa cizo ba ƙaramin abu ba ne, saboda ciwon haukan kare yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar riga-kafinsa, amma allura sai an kai kare, sai an tuna ranar maimaitawa, kuma wanda ba ya ganin karensa sai da fitila shi ne ya fi saurin mantawa. Sannan ga zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Yamai ke haura digiri 40, kejin kwano tanda ne, balle ga karnukan waje masu kaurin gashi irin na tsaunukan Kokesas da ake yayi yanzu. In kwanon ruwa ya kife da hantsi, babu mai ɗagawa sai dare.

Ga Musulmi akwai ƙarin nauyi. Hadisai sun yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma, cikinsu har da Imam Nawawi, sun haɗa da tsaron gida in akwai buƙata. Amma rangwamen riƙewa ba lasisin wulaƙantawa ba ne. Buhari da Muslim duk sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, kamar yadda suka ruwaito gafarar da aka yi wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya kulle dabba ya ɗauke mata ikon neman inuwa da ruwa da abokin zama, saboda haka duk waɗannan sun dawo wuyansa.

Sauran uzurorin ba su da ƙarfi sosai. Gaskiya ne babban kare yana barcin awa 12 ko fiye a kwana ɗaya, amma a gutsuttsure yake yinsa, kuma wanda ya motsa jiki ya gaji ne ke kwanciya cikin natsuwa. Samo kare na biyu yana taimaka wa wasu, sai dai yana ninka ɗawainiya, kuma karen da kewar mutum ke damunsa ba lallai ɗan'uwansa ya ɗebe masa ita ba. Mai gadi ko yaron gida kuwa amsa ce mai kyau in an tambaye shi ya yarda, an koya masa, an kuma ƙara masa wani abu a kan albashinsa. Da yawa ana ɗora musu aikin ne alhali suna ƙyamar kare ko suna tsoronsa, sai su riƙa tura masa abinci da sanda daga nesa.

Ba ina nufin sai mai kuɗi ko marar aiki ne zai riƙe kare ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shirin nan ba ya fi ƙarfin mai albashi. Ya nemi babban kare wanda ya haura shekara ɗaya ko biyu, wanda aka san halinsa, maimakon kwikwiyo, kuma karen gida ɗan ƙasa ya fi jure zafinmu da kaskarmu, ya fi sauƙin ciyarwa. Ya ware masa rabin awa zuwa awa ɗaya na tafiya da sassafe kafin ya fita, da wani lokacin in ya dawo, kullum, har ranar da ya gaji. Ya bar shi a sake a tsakar gida mai katanga, da inuwa ta gaske da ruwa a mazubi biyu da ba sa kifewa. Ya saba masa da zaman kaɗaici sannu a hankali, daga 'yan mintoci zuwa awa, kafin ranar Litinin ta farko. Sama da duka, a sami mutumin da zai leƙo da rana tsaka, ya sauya ruwa, ya ɗan zauna da shi. Ya kuma tambayi kansa abin da zai faru in an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ko ya koma gidan haya da mai gidan ba ya yarda da kare, ko ya tafi ganin gida da Sallah na mako guda. Wanda tsaro kawai yake nema, ya kuma ga ba zai iya waɗannan ba, kuɗin abincin babban kare da allurai da maganin kaska da na tsutsar ciki na shekara guda zai iya zuba su a ƙarin ƙarfen taga, da fitila mai aiki da hasken rana, da kason da yake bayarwa na 'yan sintirin unguwa.